Kwamfutar Tebur Ta Kyauta Da Wayar Aljihu: Wacce Ta Fi Ƙarfi?

Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shirin nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau tarihin wani ɗan ƙaramin abu za mu taɓa, abin da faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, amma saura ƙiris ya raba kan ƙungiyar matasan garinmu. Ku ba ni aron hankalinku, don na san abin da ya same mu yana samun garuruwa da yawa.

Garinmu yana yankin Minjibir ne, arewa da birnin Kano. Bayan an gama yankan gero, wani yayanmu da ke aiki a Abuja ya aiko da albishir cewa wurin aikinsu sun sauya kwamfutoci, shi kuma ya roƙo mana tsofaffin guda goma sha biyu, a buɗe wa yara wurin koyo. Allah Ya saka masa da alheri, don niyyarsa mai kyau ce. Ranar da mota ta sauke kayan nan har guɗa aka yi.

Rigimar ta taso ne a taron da muka yi bayan la'asar a wani aji na firamare. Ma'aji ya karanto abin da ke asusu, kuɗin da muka daɗe muna tarawa da kaɗan-kaɗan, wasu ma da kwanon gero suka biya nasu. Ya ce kuɗin abu ɗaya zai iya: ko mu sayi babban janareto da zai ɗauki kwamfutocin duka, ko mu sa 'yar sola madaidaiciya wadda ba za ta ɗauke su ba. Sai wani ƙanenmu mai shagon cajin waya ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya shugaba, a yi mini afuwa, amma wallahi wayar da ke aljihuna ta fi akwatunan nan ƙarfi."

Shugaba ya harare shi ya ce, "Kai yaro, iya bakinka. Ga takardar da aka haɗo da kayan, kowacce an rubuta 3.0 GHz. Taka nawa ce?"

Yaro ya duba ya ce, "2.0 ce, Yaya."

Aji ya kwashe da dariya. Shugaba ya ce, "To uku da biyu wa ya fi?"

Da yake ni ne na yi jami'a a cikin shugabannin, sai aka juyo kaina. Na ce a ba ni mako guda. Na kunce akwatunan ɗaya bayan ɗaya, na tarar takwas Pentium 4 ne a cikinsu, huɗu kuma Core 2 Duo E8400. Wayar yaron nan Tecno ce mai ɗauke da MediaTek Helio G85. Abin da na gano a makon nan shi ne shirinmu na yau.

Bari mu fara da mene ne ma furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwar na'ura, wurin da ake duk wani lissafi. A cikinsa akwai ƙananan makunnai da ake kira taransisto, kowanne aikinsa ya buɗe wa wuta hanya ko ya rufe. Ita kuma wannan GHz da shugaba ya kafa hujja da ita, ku ɗauke ta kamar gangar noma a wurin gayya. Duk bugu ɗaya, kowane manomi ya kai sara ɗaya. GHz 3 na nufin bugu biliyan uku a daƙiƙa guda. Amma duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san saurin ganga kaɗai ba ya gama gona. Sai ka tambaya: mutum nawa ne a kunya? Da me suke aikin, fartanya ko garma? Kuma tuwo nawa za su ci kafin a tashi? Ku riƙe tambayoyin nan uku, za mu dawo kansu.

Labarin ya faro a 1971, lokacin da kamfanin Intel na Amurka ya fitar da furosesa mai suna 4004. An yi shi ne saboda wani kamfanin Japan mai ƙera na'urar lissafi, Busicom. Taransisto 2,300 ne a cikinsa, gangarsa kuma ba ta kai bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa ba. Tun kafin nan, a 1965, Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Intel, ya lura cewa yawan taransiston da ake iya cusawa a guntu ɗaya yana ninkawa duk shekara. A 1975 ya gyara maganar zuwa duk shekara biyu. Wani injiniyan IBM kuma, Robert Dennard, ya nuna a 1974 cewa idan taransisto ya ƙanƙance, wutar da yake ci ma raguwa take yi. Kun ga garaɓasa kenan: ka ƙara yawa, ka ƙara sauri, zafi bai ƙaru ba.

Kusan shekara talatin ana cin wannan garaɓasa. Talla ta koma ta lamba zalla, wanda lambarsa ta fi girma shi ke sayarwa. A watan Nuwamban 2000 Intel ya fito da Pentium 4, mai taransisto miliyan 42, an kuma tsara shi musamman don gangarsa ta yi sauri. Har kamfanin yana hasashen wannan tsari zai kai GHz 10. Sai dai tun a 2001 wani babban injiniyansu, Pat Gelsinger, ya yi gargaɗi a wani taron masana cewa in aka ci gaba a haka, zafin da ɗan guntun nan zai riƙa fitarwa zai kama hanyar na tukunyar nukiliya.

Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. A 2004 aka fitar da sabon samfurin Pentium 4 mai laƙabin Prescott, mai taransisto miliyan 125. Irinsa ne a akwatunanmu takwas. Mai GHz 3.0 an ƙiyasta masa zafin wat 84, manyansa kuma har wat 115. Taransiston sun yi ƙanƙantar da wuta ta fara yoyo ta jikinsu ko suna rufe, ka'idar Dennard ta daina aiki. A shekarar nan Intel ya soke wanda ya yi alkawarin zai kai GHz 4. Pentium 4 ya tsaya a 3.8, bai ƙara gaba ba.

Kun san abin da ya ceci Intel? Tsarin da ya yi wa laftof. Akwai wani furosesa mai suna Pentium M da ya fito a 2003, wanda aka ƙera don ya tattala batir. Daga jikinsa aka samo Core 2 Duo a watan Yulin 2006. An rage saurin ganga, an sa manoma biyu a kunya, an miƙa wa kowanne garma. Sai ga Core 2 Duo mai GHz 2.4 yana kayar da babban Pentium mai GHz 3.73, kuma da wat 65 kacal. Namu guda huɗu, E8400, na 2008 ne, taransisto miliyan 410. Wato tun a cikin ɗakin da muka jibge kayan nan hujjar shugaba ta rushe: duka goma sha biyun 3.0 aka rubuta musu, amma kowacce daga cikin huɗun nan ta ninka 'yar'uwarta Pentium 4 aiki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Wannan hanya ɗaya kenan, ta kwamfutar tebur. Yanzu mu koma baya mu ɗauko ta biyu, wadda ta ƙare a aljihun ƙanenmu.

A garin Kambirij na Ingila akwai wani ƙaramin kamfani, Acorn, wanda ya yi suna da kwamfutar BBC Micro da aka baza a makarantun ƙasar tun daga 1981. Da suka tashi yin sabuwar kwamfuta, furosesoshin kasuwa ba su gamsar da su ba, sai injiniyoyinsu biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, suka ce za su zana nasu. Ɗaya daga cikin masu kamfanin, Hermann Hauser, ya sha yin barkwanci cewa ya ba su abu biyu da manyan kamfanoni ba su ba nasu injiniyoyin ba: rashin kuɗi da rashin ma'aikata. Dole ta sa suka yi abu mai sauƙi. Furosesan da suka kunna a watan Afrilun 1985, ARM1, taransisto wajen 25,000 ne kawai a cikinsa.

Burinsu kar ya ci wutar da ta wuce wat ɗaya, don a sa shi a gidan roba mai araha maimakon na tangaran mai tsada. Furber ya ba da labari cewa da ya zo auna wutar da yake ci, sai allurar ma'auni ta tsaya a sifiri. Ashe wayar da za ta kai masa wuta ma ba ta haɗu ba, yana aiki ne da 'yar wutar da ke tsiyayowa daga sauran sassan allon. Abin da yake ci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba.

A watan Nuwamban 1990 aka ware ARM ya zama kamfani mai zaman kansa, haɗin gwiwar Acorn da Apple da VLSI, da injiniyoyi goma sha biyu a wani tsohon ɗakin ajiya na gona a wajen Kambirij. Sana'arsu ba irin ta Intel ba ce. Su ba su da masana'anta, zane suke yi su ba da haya, kowa ya je ya ƙera. Nokia 6110 ta 1997 da zanensu ta fito. Da Apple ya tashi yin iPhone ta farko, wadda ta fito a 2007, an yi maganar Intel ya ƙera mata furosesa, ciniki bai faɗa ba. Shugaban Intel na lokacin, Paul Otellini, ya amsa da bakinsa a 2013 cewa sun yi kuskuren lissafin yawan wayoyin da za a sayar. Kafin nan ma, a 2006, Intel ya sayar da sashensa mai yin furosesoshin ARM. Ya yi ta ƙoƙarin kutsawa kasuwar waya da nasa tsarin, a 2016 ya haƙura.

Daga nan kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Kuɗin duniya ya karkata wajen waya, masana'antu irin su TSMC ta Taiwan suka yi ta ƙanƙantar da taransisto saboda masu waya. A watan Yunin 2020 kwamfutar da ta fi kowacce sauri a duniya, Fugaku ta Japan, da zanen ARM take aiki. A Nuwamban shekarar Apple ya fara raba kwamfutocinsa da Intel, ya sa musu M1, mai taransisto biliyan 16, wanda asalinsa daga furosesan iPhone ne. Ƙaramin da aka haifa cikin talauci ya shigo har tsakar gidan babban.

To mu a nan, ta yaya hanyoyin nan biyu suka iso mana?

Kwamfutar tebur mafi yawanci a tsufanta take zuwa. Idan ofisoshin Turai da Amurka suka gama cin moriyarta, sai a loda a kwantena zuwa Legas, ta bi ta Alaba da Computer Village ta Ikeja, ta hau tirela zuwa Kano. A 2005 wata ƙungiyar kare muhalli ta Amurka, Basel Action Network, ta fitar da rahoton cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma 'yan kasuwar da kansu sun ce har kashi 75 cikin ɗari na iya zama matattu. Da waɗanda suka rayu aka buɗe shagunan intanet da na buga takardu da yawancinmu muka fara ganin kwamfuta a cikinsu.

Ita kuwa waya sabuwa take zuwa. A watan Janairun 2001, zamanin Obasanjo, hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Kafin nan layukan NITEL a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Daga wajen 2008 kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da itel da Infinix, ya mai da hankalinsa kan Afirka, ya karanci abin da muke buƙata: layi biyu, batir mai jimiri, farashi daidai aljihu. Furosesoshin da yake sawa galibi na MediaTek ne ko Unisoc, duka a kan zanen ARM. Yau ka shiga Farm Centre ko titin Beirut ka ga abin da nake faɗa. Wayar ta isa rugar da turken lantarki bai taɓa zuwa ba, don ita ba ta jiran turke.

Yanzu mu jera su a kunya, sai an gwada akan san na ƙwarai.

Tambaya ta farko, mutum nawa? Pentium 4 ƙwaya ɗaya ce. Core 2 Duo biyu. Helio G85, wanda ya fito a 2020, takwas: manya biyu masu GHz 2.0, ƙanana shida masu 1.8. Wannan dabara ARM ya fito da ita a 2011, kuma duk ɗan gandu ya san ta. Ba ka tayar da ƙato don korar tsuntsu a gona, yara kake turawa. Kana karanta saƙon WhatsApp, ƙananan ne ke aiki, manyan suna barci. Sai ka buɗe abu mai nauyi su farka.

Ta biyu, da wane kayan aiki? Prescott an ƙera shi a ma'aunin nanomita 90, E8400 a 45, G85 a 12. Silin gashin kai ɗaya kaurinsa ya haura nanomita dubu hamsin, ku kwatanta. Gaskiya lambobin zamanin nan sun fi kama da sunan samfuri fiye da awo na zahiri, amma dai alƙiblar a fili take. Sannan furosesan waya ba shi kaɗai yake ba. A guntu ɗaya an haɗa masa sashen hoto, sashen kyamara, sashen sadarwa da sashen da ba shi da aiki sai buɗe bidiyo. Shi ya sa bidiyo mai kyawun hoto da zai sa Pentium 4 ta riƙa sarƙewa fanka na kuka, waya take kunna shi ko ɗumi ba ta yi ba.

Sakamakon gwaje-gwajen da ake yi da manhajoji irin su Geekbench ya tafi a kan haka. Pentium 4 ba ta kama ƙafar wayar ba ta kowace fuska. Core 2 Duo kuwa tsohuwa ce mai sauran ƙarfi: in aikin ƙwaya ɗaya ne, suna kankankan da wayar, wani lokacin ma ta ɗan sha gabanta. In aikin da za a raba wa duka ƙwayoyin ne, wayar ta wuce. Ku tuna fa wannan waya ce ta talaka. Manyan wayoyin yanzu sun yi wa dukkansu fintinkau.

Amma kar a ce na yi son kai. Waya ba ta da fanka. Ka ba ta aiki mai nauyi na tsawon lokaci a zafin Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, za ta rage gudu da kanta don kar ta ƙone. Kwamfutar tebur za ta yini a gudu ɗaya, in dai ƙurar hunturu ba ta toshe mata iska ba. Kuma ita ana kunce ta a ƙara mata ma'adana, a sauya abin da ya mutu. Waya in allon cikinta ya tafi, galibi ta tafi.

Tambaya ta uku ita ce ta raba gardama a garinmu: tuwo nawa suke ci? Batirin waya mai 5000mAh yana riƙe wutar da ta kai wat 19 na awa ɗaya. Da wannan waya ke yini. Ka ɗauki batirin nan ka jona wa furosesan Pentium 4 shi kaɗai, ban da allo, ban da fanka, ban da komai, yana cikakken aiki: minti goma sha huɗu ba za su cika ba. Core 2 Duo zai kai wajen minti goma sha takwas. Mu ƙaddara kowace kwamfuta da allonta tana jan wat 150. Goma sha biyu sun zama wat 1,800, ɗan ƙaramin janareton nan na masu shago ko rabi ba zai ɗauka ba. A kunna su awa huɗu, an sha wutar da za ta cika wayoyi sama da ɗari uku. Da na faɗi wannan a taro, mai cajin waya har miƙewa ya yi, don shi ya san kuɗin wayoyi ɗari uku.

Ku haɗa da kuɗin mai. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Da aka cire tallafi ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa dubu. Ku kuma tuna Oktoban 2024, da yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Wanda yake birni ma ya ji a jikinsa, balle mu. A California wat lamba ce a takarda. A Minjibir wat kuɗin cefane ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960. Abin da ya ba masana mamaki shi ne yadda jama'a suka yi yawa haka, gonaki ƙanana, ana noma su kowace damina ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba. Mu mun san sirrin, don a cikinsa muka tashi. Jakuna su kai itace birni su dawo da taki a mangala. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya. Harawa ta tafi wurin tumaki, kashinsu ya dawo gona. Gawo yana tsaye a tsakiya, ya zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Kakanninmu ba su taɓa auna manomi da faɗin gonarsa kaɗai ba, suna duba dami nawa ya fitar daga abin da yake da shi. Injiniyoyin Kambirij da ba su da kuɗi irin wannan tunanin suka yi, mu kuma da muka gaje shi sai muka tsaya muna kallon girman akwati.

To shi kenan, a watsar da kwamfuta a rungumi waya? A'a. Nan ne na saɓa da ƙanenmu, kuma dalilina daga kaina yake.

A sakandaren da na yi akwai ɗakin kwamfuta. Na gan su ta taga, a jere, an lulluɓe su da yadi. Babu wuta, babu kuɗin mai, ɗakin a kulle har muka gama. Malaminmu, Allah Ya saka masa, a allo yake zana mana linzamin kwamfuta da alli, mu kwafa a littafi. Ni kuma a 2015 na zana JAMB, shekarar da aka daina ta takarda gaba ɗaya aka koma kwamfuta, bayan an fara gwadawa a 2013. Ranar nan hannuna rawa yake yi. Na san amsa, amma kibiyar nan ta ƙi tsayawa inda nake so. Yarinyar da ke kusa da ni kuka ta fashe da shi. Na tsallake da ƙyar, da yawa daga abokaina ba su tsallake ba, kuma ba don ba su da ƙwaƙwalwa ba. Yau ga WAEC ma ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zanawa daga waje tun 2024. Yaron da ya ƙware a shafa gilashi da yatsa, ranar jarrabawa kibod da linzami za a ajiye masa. Haka in ya je neman aiki, ba wanda zai tambaye shi TikTok, za a ce ya buga takarda ko ya shirya lissafi a Excel.

Kun ga ashe tambayar da muka yi ta faɗa a kanta ba ita ce tambayar ba. Abin da yaranmu suka rasa ba ƙarfin furosesa ba ne, wannan yana aljihun yayyensu. Sun rasa kibod, linzami, babban allo, da wutar da ba ta yankewa.

Ga abin da muka yanke bayan mako guda. Core 2 Duo huɗun nan muka riƙe, da allunan da ba su da ƙeya, muka sa musu manhaja marar nauyi, tunda Windows XP an daina kula da ita tun 2014, Windows 7 kuma tun 2020. Kuɗin asusu ya tafi sola, ba janareto ba. Kibod da linzami na sauran takwas ɗin muka cire, muka sayo 'yar igiyar nan da ake kira OTG, wadda ke haɗa su da waya. Yanzu yaro zai jingina wayar yayansa da bulo, ya jona kibod, ya koyi bugu da yatsu goma kafin layi ya zo kansa a babbar kwamfuta. Akwatunan Pentium 4 kuma muka kira yayanmu na Abuja muka yi masa bayani da ladabi. Shugaba da kansa ya yi maganar, ya ce, "Yaya, ba raina kyauta muka yi ba, ciyar da su ne ya fi ƙarfinmu." Ya fahimta, ya ce a sayar a ƙara a kuɗin batir. Mun dai ja kunnen yara kar wanda ya ƙona allon ciki ko ya fasa tsohon allo mai ƙeya don neman jan ƙarfe, akwai dalma a ciki, guba ce.

Saƙona ga 'yan'uwana matasa, musamman masu ƙungiyoyi: duk ranar da wani mai neman ƙuri'a ko mai neman lada ya zo da kwamfutoci za a ɗauki hoto, ku karɓe shi hannu biyu, sannan ku yi tambaya. Wane furosesa ne a ciki, na wace shekara? Wat nawa take ci? Wa zai biya wutar bayan an gama ɗaukar hoto? Wa zai koyar, wa zai gyara? In ba amsa, to ɗakin da za a lulluɓe da yadi ake shirin ginawa, irin wanda na leƙa ta taga shekara shida. Haka in za ka sayi waya ko laftof, kar lambar GHz ta ruɗe ka. Nemi sunan furosesan da shekararsa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shugaba da ƙanen namu sun shirya. Shi ne ma yanzu yake kula da batiran sola, shugaba kuma ya shiga ajin dare, yana koyon bugu da yatsa biyu, yara na yi masa dariya a ɓoye.

Ku faɗa mana, a makarantarku ko garinku akwai irin ɗakin nan da aka kulle? Shekara nawa ke nan? Me ya hana a buɗe shi? A nan za mu dakata. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, kuskuren ciki Ya yafe mana.